Itacen Wankan Jego a Gidan Hajo

Duk wanda ya shiga gidan Hajo a unguwar Matsaro, tun daga bakin zaure zai hango tarin itace. Ba ƙirare ba, faskare ne masu nauyi na marke da ƙirya, an jera su jikin katanga har sun kai ƙirjin mutum, an lulluɓe da tsofaffin buhuna saboda ruwa. Mace ɗaya ce a gidan, tukunyarta kuwa 'yar mitsitsiya. Baƙo sai ya ɗauka sayarwa take yi. Ba ta sayarwa, kuma ko ta kasa babu mai saye a unguwar nan. Yanzu ma baƙin sun ɗauke ƙafa, don haka babu mai tambaya.

Idan kana kallon finafinan Hausa ka san fuskarta, ko da ba ka riƙe sunanta ba. Doguwa ce, baƙa, mai manyan idanu da dogon wuya. Ita ce ungozoma, ita ce mai kitso, ita ce maƙwabciyar nan mai leƙen katanga, ita ce tsohuwa mai tallan daddawa da ke shigowa ta faɗi magana biyu ta fita, amma a wayi gari maganarta ake maimaitawa a majalisa. Shekara kusan arba'in ta yi a harkar, ba a taɓa sa hotonta a fasta ba.

Uwarta bandar kifi take yi a gefen kasuwar kifi ta Haɗeja. A cikin hayaƙin nan Hajo ta tashi, hannu yana juya tarwaɗa, ido yana kan mutane. Dillali ya zo ya yi cinikinsa ya tafi, kafin ya sha kwana ta miƙe ta yi tafiyarsa, ta yi irin tarinsa, har yadda yake soke hula. Matan banda su yi ta dariya har da riƙe ciki. Uwar ce kawai ba ta dariya. Ta sha zabga mata mari a kan abu ɗaya: «Ki daina zuba wa mutane ido haka, ba kyau.» Ba ta daina ba, don da idon take aiki.

A lokacin akwai ƙungiyar wasan kwaikwayo ta samarin gari, suna gwaji a wani ajin firamare bayan la'asar. Ba su da mace ko ɗaya. Wani tela siriri mai suna Shu'ibu shi ke ɗaura zani ya fito a matar gida. Wata rana Hajo tana leƙe ta taga, abin ya ishe ta, ta ce, «Malam, wace mace ka taɓa gani ta ɗaura zani ta dama?» Aka kwashe da dariya, Shu'ibu ya ce to ta shigo ta gwada musu. Ta shiga. Bayan shekara ɗaya ya aure ta, ya huta da ɗaura zani, masu surutu kuma suka rasa ta cewa tunda da mijinta take fita.

Shekarun nan su ne masu daɗi, ita ma haka take faɗa. Ma'aikatan lafiya sukan ɗauke su zagayen wayar da kai, su bi ƙauyukan Guri da na Auyo, da rani a bayan a-kori-kura, da damina a kwalekwale. A kafa sanda biyu a ƙofar gidan mai gari, a rataya tabarma, shi ke nan an yi labule. Wasan da aka fi nema shi ne wanda Hajo ke fitowa a uwa mai taurin kai: ɗanta yana zazzaɓi, ta ƙi asibiti, ta bi boka da hayaƙi har yaron ya cika a hannunta. In ta fasa kukan nan, wallahi har maza sai sun sunkuyar da kai. Ana tashi mata za su yi layi gaban malamar asibiti da goyonsu. Hajo takan ce ta kai yara asibiti fiye da motar asibiti, kuma ba ƙarya ta yi ba.

Kukan ba a sama ta samo shi ba. 'Ya'ya uku ta binne kafin su isa shiga makaranta, ɗaya ƙyanda, biyu zazzaɓin damina. Ta huɗun ce ta tsaya, Bara'atu, wadda take kira Auta. Yarinyar tana da shekara tara Shu'ibu ya kwanta jinyar mako biyu, bai tashi ba. Hajo ta gama takaba ta tarar duniya ta canja, an bar dandali an koma bidiyo. Ta riƙa hawa motar Kano, ta yi kwana uku ko huɗu a wurin ɗaukar fim, ta dawo. Da wannan ta ciyar da Auta, ta yi mata karatu, ta aurar da ita.

Ana cikin haka, tun Auta ba ta yi aure ba, sai ga Misbahu, ɗan Haɗeja da ya zama darakta a Kano, ya kwaso kyamara ya dawo gida zai yi fim a bakin kogi. Labarin mayya ne, tsohuwa mai kama kurwar yara, ya sa mata suna Iya Dagwalo. Manyan 'yan wasa mata uku ya kai wa matsayin a Kano, kowacce ta ce a kai kasuwa. Hajo ta karɓa hannu bibbiyu. Kada a ga laifinta: shekara goma tana shigowa ta faɗi magana biyu ta fita, yau an ba ta fim sukutum a kanta.

Ta yi aikin yadda ta saba. Ta ɗauko tafiyar wata tsohuwa mai ciwon ƙugu da ta sani a kasuwa, ta ɗauko lasar leɓen wani mai faci da ke fama da haƙori. Ta ce wa Misbahu ba za ta zare ido ba, ba za ta yi ihu ba, ba za a shafa mata gawayi ba. «Abin tsoro ba ya ihu,» in ji ta. Ta yafa shuɗin mayafinta na kullum, ta zauna a gindin jinga, tudun ƙasar nan da ke tare ruwan kogi, ta zuba wa yarinyar fim ɗin ido, ta ce a hankali, «Taho, 'yar albarka.» Mai riƙe da kyamara sai da tsigar jikinsa ta tashi. Kuskuren kenan. Mayafin nata ne, jingar ta garinsu ce, kalmar kuwa da ita take kiran kowace yarinya a unguwa tun tana amarya.

Fim ɗin ya yi kasuwarsa a faifai, aka manta da shi. Bayan shekara goma sha ɗaya wasu marasa aikin yi suka yayyanka shi gutsi-gutsi suka watsa a waya. Yaran da ba a haifa ba lokacin da aka yi shi suka haddace Iya Dagwalo. In Hajo ta fito su bi ta suna «Kurwata kur!» Ita kuma, baiwar Allah, sai abin ya yi mata daɗi, wai ashe aikin bai mutu ba. Ta karkace ƙugu, ta lashi leɓe, ta bi su, su watse suna ƙyalƙyala dariya. Iyayensu mata suna kallo ta ƙofar zaure, su ba dariya suke ba, ita ko ba ta lura ba.

Hankalinta yana Auyo. Can Bara'atu ke aure, gidan Abdulmannan manomin shinkafa, shekara bakwai ko ɓatan wata ba ta taɓa yi ba, sai a shekarar nan Allah ya kawo rabo. Haihuwar fari a gaban uwa ake yi, a gidanta ake wankan jego na kwana arba'in, safe da yamma, da tafasasshen ruwa. Tun cikin yana wata biyar Hajo ta fara tara itace. Ta sa aka yanka mata rabin duro na dafa ruwa, ta tanadi kanwa da gero da yaji, ta shafe ɗakin Shu'ibu da farar ƙasa. Aka kira ta aiki Kano ta ce ba ta nan sai bayan arba'in. Wanda ya binne uku ya san abin da take jira: ta ji ɗumin jinjiri a cinyarta, ta yi masa wanka da hannunta.

Daminar ta zo da ruwa mai yawa. Kogi ya cika ya tumbatsa, maza suka tare a jinga suna jibga buhunan ƙasa, sauro kuwa ko da rana cizo yake. Katanga ɗaya ce tsakanin Hajo da gidan Nu'uman masunci. Matarsa Bashira ƙawar Bara'atu ce tun ta ƙuruciya, 'yarsu Najwa mai shekara shida kuwa a gidan Hajo take wuni, ita ke cinye mata ƙanzo. Zazzaɓi ya kama Najwa. Kwana uku ana jiƙe-jiƙe, ran na huɗu ta fara sambatu, idanu sun kafe. Cikin sambatun ta ce, «Iya Dagwalo… ga ta nan… ta ce in taho.» A wayar ubanta ta sha kallon abin, kowa a gidan ya sani, amma babu wanda ya tuna.

Mutanenmu suna da hukuncinsu a kan wannan. In marar lafiya ya kama sunan mutum, to shi ya kama masa kurwa, maganin kuma ɗaya ne: a kawo wanda aka ambata ya tsallaka shi sau uku, ya sake shi. Wanda ya tsallaka kuwa ya amsa da ƙafarsa cewa shi maye ne.

Bayan azahar Hajo tana tankaɗen gero Bashira ta shigo, ba mayafi, ta zube a gabanta.

«Inna Hajo, ban ce ke ce ba. Wallahi ban ce ba. Amma sunanki ta kama. Ki dubi Allah ki zo ki tsallaka ta.»

«Sunana Iya Dagwalo?» in ji Hajo.

Bashira ta fashe da kuka. Hajo ta karkaɗe hannu ta bi ta.

Tsakar gidan cike yake da mata, hayaƙin tazargade ya turnuƙe ko'ina. Ana ganinta aka dare, masu goyo suka juya 'ya'yansu bango. Najwa tana kwance a tabarma, jiki kamar garwashi, tafin hannu fari fat, tana fizge-fizge. Kallo ɗaya Hajo ta yi mata ta gane. Ta yi wasan nan sau ɗari a gaban tabarma, ta kuma gan shi sau biyu a ɗakinta.

«Nu'uman, zazzaɓin sauro ne ya hau mata kai. Ɗauke ta mu tafi asibiti yanzu.»

Nu'uman bai yarda sun haɗa ido ba. «Inna, irin wannan ba ya son allura. In aka yi mata ba a sake ta ba, shi ke nan. Ki tsallaka tukuna.»

Ta yi magana, ta yi rantsuwa, ta tuna musu ita ta yanke wa rabin yaran unguwar nan farce. Kamar da bango take yi. Ta tsaya ta auna abin, kuma ta auna shi daidai, don Hajo ba wawuya ba ce. In ta ƙi, za su zauna da hayaƙinsu har yarinyar ta cika, a ce ta cinye ta. In ta tsallaka, ta sa hannu a takardar da ba ta goguwa. Ta tuna farin ɗakin da rabin duron. Sai Najwa ta sake fizgewa, haƙoranta suka datse.

«A kira adaidaita,» in ji Hajo. «Ya tsaya a ƙofar gida, kada ya kashe inji. Ina sauke ƙafa ta uku ku ɗauke ta. In ba haka ba, ba na yi.»

Aka kira. Da ta ji ƙarar injin a waje, ta tattare zaninta ta ce bismillahi ta tsallaka. Ta dawo. Ta sake tsallakawa. Wata daga baya ta ce ai a tuɓe ake yi, Nu'uman ya daka mata tsawa, ya sunkuci 'yarsa ya fita da gudu. Ta bayan kafaɗun mata Hajo ta hango waya a sama, ana ɗauka. Ta san kyamara in ta gan ta.

Kwana biyar Najwa ta yi a asibiti, aka yi mata allurai da ƙarin jini, ta tashi. Ranar da aka dawo da ita Hajo ta yi sujada a tsakar gidanta. Kafin la'asar ta ji abin da gari ke cewa: an tsallaka, ta saki kurwa, yarinya ta warke, sai kuma me? Babu wanda ya ambaci jinin da aka ƙara. Aka tono 'ya'yanta uku da Shu'ibu aka lissafa mata su a cikin waɗanda ta ci. Kai, mutane ba su da tsoron Allah. Liman ya yi huɗuba a kan zato da ƙazafi, aka gyaɗa kai aka fito aka ci gaba. Misbahu ya yi bayani a waya cewa shi ya ƙirƙiri Iya Dagwalo da alƙalaminsa, ba wanda ya tura wa wani. Hoton tsallakawar kuwa har Guri ya kai kafin Juma'a.

Auyo ma ya kai. Bara'atu ta kira, muryarta ƙasa-ƙasa kamar mai magana a bayan ɗaki.

«Inna, sun ce ba zan zo gida haihuwa ba.»

Hajo ta ce to, ta riga ta zata.

«Ba shi kenan ba. Hajiya ta ce a nono ake sha. Ta ce in na haihu ba za a bari in shayar ba, za a ba wata. Daga baya kuma a san yadda za a yi da ni.»

Hajiyar ita ce Ummussalma, uwar Abdulmannan, wadda maganarta ce doka a gidan. Abin da ta faɗa kuwa shi kowa ya yarda da shi: maita a nonon uwa take bi, daga uwa zuwa 'ya, daga 'ya zuwa jika.

Washegari da hantsi Hajo ta hau babur har inda ruwa ya yanke hanya, ta shiga kwalekwale. Mutum tara ne a ciki, suka matse a gefe ɗaya har mai tuƙi ya ce za su kifar da shi. Ita ba ta su take ba, tana shirya aiki. Ta san musu ba zai yi ba, ta yi musu a gidan Nu'uman ta ga iyakarsa. Mutanen nan sun riga sun ba ta matsayi a labarinsu, ba za su karɓe ba. Abin da ya rage shi ne ta fitar da Auta daga cikin labarin.

Hajiya Ummussalma ta sa aka shimfiɗa mata tabarma can nesa, gindin turmi. Ba a kawo ruwa ba. Dangin miji mata suka jeru a inuwa. A ƙofar wani ɗaki labule yana motsi, a ƙarƙashinsa ga ƙafafu biyu da suka kumbura. Hajo ta san ƙafafun, ta kawar da kai.

Ta gaida Hajiya da girmamawa. Sannan ta yi magana da muryar da ba ta taɓa amfani da ita a fim ba, ƙarama, a gajiye.

«Hajiya, ban zo wanke kaina ba. Abin da ke jikina nawa ne, da ni za a binne shi. Na zo in faɗi abin da na ɓoye shekara talatin, don kada a zalunci marainiya. Yarinyar nan ba ta taɓa sa nonona a baki ba.»

Matan suka dubi juna.

«Ranar da aka haife ta ubanta ya ɗauke ta daga gabana. Ya riga ya binne uku, ya ce wannan ba zai ba ni ba. Ƙanwarsa Aziza, Allah ya jiƙanta, tana goyo a lokacin, ita ta shayar da ita har yaye. Ni dai na goya, na yi wanki. Kunya ta hana ni faɗa, ita kanta ba ta sani ba.»

Ta bar hawaye ɗaya ya gangaro, ba ta share ba, ba ta ƙara wani ba. Shu'ibu ya mutu, Aziza ta mutu, babu mai ƙaryata ta. Gaskiyar kuwa ita ce wata ashirin da biyu ta shayar da Bara'atu, a kwalekwale, a bayan a-kori-kura, a bayan tabarmar labule tsakanin fita da fita, wani lokacin ta fito gaban jama'a rigarta a jiƙe.

Hajiya Ummussalma ta daɗe tana kallonta. Ta ce, «Babu uwar da za ta yi wa nononta ƙarya.» Ta juya ga matan. «Kun ji dai. Yarinya ba ruwanta.» Sannan ta ce da Hajo, ba tare da ɗaga murya ba, «Amma ke ba za ki zo suna ba. Ba kuma za a kawo miki ba.»

«Na sani, Hajiya.»

Ta miƙe ta gyara shuɗin mayafinta. Ƙafafun nan suna nan a ƙarƙashin labule. Da Bara'atu ta fito ta ce ƙarya ne, da komai ya rushe, Hajo kuma ta yi ta addu'a a ranta kada ta fito. Ba ta fito ba. Ta yi daidai, haka Hajo ta faɗa wa kanta a kwalekwale, ta kuma faɗa a kan babur. Amma ta so a ce labulen ya ɗaga ko da kaɗan ne, wannan ba ta ɓoye wa kanta ba.

Mace aka haifa, aka sa mata Amatullahi, uwarta ce ta shayar da ita. A Auyo aka yi wankan jego da itacen wasu. Hajo ba ta sake fita a fim ba. Misbahu ya kira sau biyu, ta ce masa ta riga ta yi na ƙarshe. Najwa ta girma ta shiga aji uku, in ta biyo ta ƙofar gidan sai ta tsallaka ɗaya gefen hanya, haka aka koya mata. Bashira takan ajiye ƙullin kifi a kan katanga ba sallama.

Shekara uku kenan. Itacen da aka tara don kwana arba'in, tana zarar ɗaya ta dafa abin da za ta ci, har yau ba ta ƙona rabinsa ba. Lokaci-lokaci Bara'atu takan faki ido ta turo ɗan bidiyo a waya, ba magana, sai yarinyar tana yawo a tsakar gida. Hajo takan zauna ta zuba masa ido, ta mayar, ta sake mayarwa, yadda take yi wa dillalan kasuwar kifi. Amatullahi tana jefa ƙafar hagu waje in tana sauri, tana kuma riƙe kunnenta in za ta yi dariya. In Hajo ta haddace sai ta ajiye wayar, ta sakaya ƙofar zaure, ta taka daga bakin rijiya zuwa jikin itacen, tana jefa ƙafar hagu waje, hannunta ɗaya a kunne.